Basfar Da Ke Jingine A Zaure: Kafin Ka Saya, Kafin Ka Sayar

A Turai akwai masu sayen tsohuwar motar tsere ta Italiya, irin su Alfa Romeo Spider da aka fara ƙerawa a 1966, su ajiye ta a gareji shekara da shekaru suna gyara har ta koma kamar ranar da ta fito daga kamfani. A Sabon Birni da Isa ba mu gaji irin waɗannan motoci ba. Ƙarfen Italiya da ya shiga rayuwar Gobirawa mai ƙafa biyu ne, wato Basfa, kuma har yau akwai gidajen da za ka tarar da ita jingine a zaure, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe ta.

Kamfanin Piaggio ne ya fito da Vespa, wato Basfa, a 1946 a garin Pontedera, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama ne da ba ya ƙaunar babur saboda dattinsa. Sai ya rufe injin, ya kawar da sarƙa, ya sa garkuwa a gaban ƙafafu, ya bar tsakiya fili. Bai san da babbar riga ba, amma kamar don ita ya yi aikin: mutum zai hau ba tare da ya ɗaga ƙafa ba, ya tattara rigarsa, ya isa masallacin Juma'a ko ɗaurin aure babu ɗigon baƙin mai a jikinsa. Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, zamanin Janar Gowon, Basfa na cikin abubuwan da malaman makaranta da malaman gona da na asibiti suka fara saya. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa sabuwa ta gagari albashi, daga baya baburan Sin da na Indiya suka cika kasuwa.

Yawancin masu sha'awar tayar da tsohuwar Basfa tambayarsu ta farko ita ce, "Tana tashi?" Ba nan ya kamata a fara ba. Basfa ba ta da ƙashin baya na bututu irin na sauran babura. Bodin nan na ƙarfe shi ne ke ɗauke da komai. In tsatsa ta ci shi, ta ci babur ɗin. Saboda haka a ɗaga shimfiɗar robar da ake taka ƙafa, a kwantar da ita a leƙa ƙarƙashi, a ƙwanƙwasa tudun tsakiya inda wayoyin giya da kuloci suke bi. Wadda aka ajiye a zaure mai yoyo, ko a garin da ambaliyar gulbi ke shiga da damina, sau da yawa ta nan take ruɓewa alhali fentinta na sama yana nan lafiya. Sannan a tsaya a bayanta a duba ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Bodin da ya taɓa lanƙwashewa a haɗari, mai walda na iya rufe tabon, amma da wuya ta sake tafiya sak.

Injin shi ne mai sauƙin. Fistin ɗaya ne, ana haɗa masa fetur da baƙin mai, kashi biyu cikin ɗari ga irin su Super da Sprint da PX, wato mililita 20 a kowace lita. Abin da dogon zama ke lalatawa sananne ne: robobin da ke toshe iska sun bushe, kafireta ta toshe, tanki ya yi tsatsa, wayoyi sun ƙage. In giya tana zamewa da kanta, galibi ɗan ƙarfen nan mai rassa huɗu da ke zaɓen giya ne ya cinye. Duk waɗannan ana sauya su. Da yake kamfanonin Bajaj da LML na Indiya sun daɗe suna ƙera babura a kan tsarin Basfa, kayansu da yawa suna shiga, kuma mai haƙurin nema yakan dace a Ƙofar Ruwa ta Kano. A nemi takardun mallaka tun kafin a biya, a gwada lambar bodi da abin da ke rubuce.

Kada kuma mai saye ya ruɗi kansa. Tayoyinta ƙanana ne, inci takwas ko goma, ba sa son rairayin hanyoyin ƙauyukanmu. Ta cikin gari ce da kan kwalta. Kuɗin gyaran ma yakan wuce abin da za a taya ta in an gama.

To me ya sa nake ganin aikin ya cancanta? Domin abin da ke ɓacewa ya fi ƙarfen. Rashin tsaron da ya addabi gabashin Sakkwato, wanda ya kai ga taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka a 2021, ya kori iyalai da yawa zuwa Sakkwato da jihar Maraɗi. Mai barin gida cikin gaggawa ba ya ɗaukar babur da ba ya tashi, kuma 'yan gwangwan a kilo suke auna shi. Makanikan da suka san Basfa tun daga sautinta su ma sun manyanta, yaran gareji kuwa da babur ɗin Boxer suka buɗe ido. Kowace Basfa da aka kai wa tsohon bakanike dama ce ta yaro ya tsaya kusa ya ga yadda ake kwance ta.

Don haka, ɗan'uwa, in ta mahaifinka tana nan kuma ba ka da halin gyara yanzu, ka zubar da tsohon man tankin, ka ɗaga ta daga ƙasa, ka rufe ta inda ruwa ba ya zuba, ka adana takardunta. In sayarwa ta zama dole, ka nemi wanda zai gyara ya hau, kada ka miƙa ta ga mai sikeli.