Walƙiya A Cikin Ido: Kada A Jira Sai An Gama Aikin Gona

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen taki da iri mu yi magana a kan ido, gama wanda ya rasa idonsa, gonarsa ma ta fita hannunsa.

Ga abin da ya jawo maganar. Wata damina muna zagayen gonakin wata ƙungiya, sai wani dattijo ya ja mu gefe, ya ce, "Malam, yau kwana uku ke nan ina ganin walƙiya a gefen idona na hagu, alhali babu hadari. In na shiga ɗaki da dare sai in ga wal, kamar an ƙyasta ashana." Muka ce, "Baba, akwai ciwo?" Ya ce ko kaɗan. Muka ba shi shawara ya je asibiti, ya ce sai ya gama maimai. Da muka komo bayan mako uku, idon ya rufe. An yi masa aiki daga baya, amma ganin da ya dawo kaɗan ne. Yana gane mutum a tsaye, ba ya gane fuskarsa. Mu ma da namu laifin, gama ba mu matsa masa ba. Shi ya sa muka nemi bayanin abin sosai, muka kawo muku.

Yadda cikin ido yake

Ƙwayar ido kamar ɗan ƙaramin tulu ce, faɗinta wajen inci 1. Cikinta cike yake da wani ruwa mai kauri, garau, kamar farin ɗanyen ƙwai. Bangon baya kuma, daga ciki, an lulluɓe shi da wani siririn tantani wanda likitoci ke kira retina. Mu za mu kira shi tantanin gani. Shi ne yake karɓar haske ya aika da labari zuwa ƙwaƙwalwa.

Tantanin nan saƙo iri ɗaya tak ya iya aikawa, watau haske. Ba ya jin zafi. In an ja shi, ko an danna shi, ko an girgiza shi, abin da zai gaya wa ƙwaƙwalwa shi ne, ga haske. Shi ya sa wanda ya sha mari mai kyau yakan ga taurari da rana tsaka. Saboda haka walƙiya a ido, in babu haske a waje, alama ce cewa wani abu yana taɓa tantanin, ko kuwa yana taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da gani.

Na ɗaya: tsufan ruwan ido

Wannan shi ne sanadin da ya fi yawa. In mutum ya haura shekara 50, ruwan nan mai kauri yakan fara tsinkewa, ya takure, ya rabu da bangon baya. Sa'ad da yake rabuwa yana jan tantanin, sai mutum ya ga walƙiya. Takan zo a ido ɗaya, ta gefe, ta wuce nan da nan. An fi ganinta cikin duhu, ko in an juya ido da sauri. Sau da yawa tana zuwa tare da wasu baƙaƙen ɗige-ɗige masu yawo a gaban ido, kamar ƙudaje ko saƙar gizo. Ga yawancin mutane abin yakan lafa cikin makonni kaɗan ba tare da lahani ba.

Na biyu: yagewar tantani

A nan hatsarin yake. Cikin mutum 10 da wannan walƙiya ta zo musu farat ɗaya tare da ɗige-ɗige, akan sami wajen mutum 1 wanda ruwan ya ja tantaninsa har ya yage. Ku dubi rumbu. In yaɓensa ya tsage, ruwan sama ya sami hanya ya shiga ta baya, yaɓen zai kumbura ya ɓamɓare. Haka ruwan ido yake bi ta yagewar ya shiga bayan tantani, ya ɗaga shi daga bango. Duk wurin da ya ɗagu, gani ya tafi. Mutum zai ga kamar ana saukar da asabari daga gefe ɗaya, ko daga sama, ko daga ƙasa, duhun yana ƙara cin gaba. Wannan yana iya faruwa cikin kwanaki kaɗan, wani lokaci cikin sa'o'i, kuma babu ciwo.

Mutum ba zai iya rarrabe na ɗaya da na biyu da kansa ba, gama farkonsu iri ɗaya ne. Sai likitan ido ya ɗiga magani ya buɗe baƙin ido, ya leƙa har ƙurya da fitilarsa.

Waɗanda suka fi shiga wannan hatsari su ne masu tabarau mai kauri saboda ba sa ganin nesa, da waɗanda aka yi wa aikin yanar ido, da wanda abin ya taɓa samun ɗaya idonsa ko wani a danginsa na jini. Haka kuma wanda ya sha bugu a ido. Mu manoma mun san irin wannan: reshe ya fyaɗo, ko sa ya kaɗa kai, ko robar ɗaure kaya ta tsinke ta dawo. Yagewar tana iya bayyana makonni ko watanni bayan bugun, sa'ad da an riga an manta da shi. Masu ciwon sukari da masu sikila kuma cutarsu tana ɓata ƙananan jijiyoyin jini na tantanin, har su zub da jini a cikin ido ko su ja tantanin. Ya kamata a duba bayan idonsu sau ɗaya a shekara ko da ba su ga kome ba.

Na uku: ciwon ɓarin kai

Wannan walƙiyar daga ƙwaƙwalwa take, kamanninta kuma dabam ne. Mutum yakan ga layi mai ƙyalli, a karkace kamar haƙoran zarto, yana motsi yana faɗaɗa a hankali. Yana ganinsa ko ya rufe idon dama ko na hagu, ko ma ya rufe duka biyu. Yakan ɗauki minti 5 zuwa sa'a 1, sa'an nan ya wuce, gani ya koma daidai. Ga wasu ciwon kai mai tsanani yakan biyo baya, ga wasu kuwa babu. Yunwa, da rashin barci, da ƙishirwa, da zafin rana sukan tayar da shi. Ba ya makantarwa. Amma in wannan ne karo na fari, balle ga wanda ya manyanta, a je a ga likita. In kuwa ya zo da mutuwar hannu ko ƙafa, ko karkacewar baki, ko sarƙewar magana, to a ɗauke shi a kan shanyewar ɓarin jiki ne, a tafi asibiti nan take.

Na huɗu: mai ciki

Maza, ku saurari wannan da kyau. In ciki ya wuce mako 20, watau wajen wata biyar, mace ta ce tana ganin walƙiya ko taurari, ko ganinta ya dushe, ga ciwon kai da ba ya jin magani, ga kumburin fuska da hannuwa, ko ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙari, to mai yiwuwa jininta ne ya hau. Wannan shi ne yake kai ga jijjiga, wadda take kashe uwa da ɗa. Yana iya zuwa har bayan haihuwa. Kada a jira gari ya waye, kada a jira ranar awo. A kai ta inda za a gwada jininta da fitsarinta. Awon jini na 140 bisa 90 ko fiye ga mai ciki abin lura ne.

Na biyar: miƙewa da sauri

In an daɗe a sunkuye ana shuka ko cira, aka miƙe farat ɗaya, akan ga taurari da ɗan jiri, su wuce kafin a ƙirga ashirin. Jini ne bai kai ga kai da wuri ba. A zauna, a sha ruwa. In abin ya yawaita, a je a gwada jini, gama ƙarancin jini ma yana kawo haka.

Akwai magani

A dā, wanda tantaninsa ya ɗagu ya makance ke nan. Wani likita a Lozan ta ƙasar Suwizalan, Jules Gonin, shi ne ya nuna cewa yagewa ce tushen abin, kuma in an toshe ta tantanin yana iya komawa wurinsa. A shekarar 1929 likitocin ido na duniya suka karɓi hanyarsa. Yau in an kama yagewar da wuri, ana liƙe kewayenta da hasken leza ko da sanyi, cikin ɗan lokaci, mutum ya koma gida ranar. In tantanin ya riga ya ɗagu, sai babban aiki. Cikin 10 akan yi nasarar mai da wajen 9 wurinsu, ko da yake wani sai an yi masa aikin fiye da sau ɗaya. Amma yawan ganin da zai dawo ya dogara ga saurin zuwa. In ɗaguwar ta kai tsakiyar tantani ta daɗe a can, gani ba ya komawa kamar dā.

Ba kowane asibiti ne yake da mai yin wannan aiki ba. A fara da mafi kusa inda akwai ma'aikacin ido, a faɗa masa a fili, "Ina ganin walƙiya da ɗige-ɗige," a roƙi takardar turawa gaba. Cikin manyan wuraren duba ido na Arewa akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, wanda yake aiki tun 1943, da sassan ido na asibitocin koyarwa. A tafi da ɗan rakiya, gama maganin da za a ɗiga yana dushe gani na 'yan sa'o'i, ba a hawa babur bayansa. In an duba ba a ga yagewa ba, aka sa ranar komawa, a koma.

Babu maganin ɗigawa, ko ƙwaya, ko tabarau, da zai mai da tantani wurinsa. Ruwan ganye, da kwalli, da nono, da ruwan sukari ba sa kaiwa bayan ido. Iyakarsu su ɓata gaban idon, su kuma ɓata lokaci.

Abin da ƙungiya za ta yi

Ku karanta wannan shafi a taronku na gaba, domin waɗanda ba sa karatu su ji. Kowa ya koyi gwada idonsa: a rufe ido ɗaya da tafin hannu, a dubi abu ɗaya a nesa, a lura ko wani gefe ya yi duhu, sa'an nan a sāke da ɗayan. Mutane da yawa ba sa sanin ido ɗaya ya tafi, domin ɗayan yana rufa masa asiri.

Alamu uku ne ba a kwana da su: sabuwar walƙiya, da ɗige-ɗige masu yawa da suka zo farat ɗaya, da duhu kamar labule. A ga likitan ido a ranar, ko washegari da sassafe.

Abin da ya hana dattijon nan tafiya abu biyu ne, kuɗin mota da ciyawar gonarsa. Duka biyu ƙungiya tana iya ɗauka. Ku ware wani abu daga asusu domin rancen gaggawa na asibiti, ku kuma yi yarjejeniya cewa duk wanda ciwo ya ɗauke da damina, za a yi masa gayya. Yini ɗaya ya isa mutum goma su nome gonarsa, shi kuwa ya tafi ya ceci idonsa.

Sai mun sadu a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.