Digirin aikin jinya na gaggawa a Amurka: abin da ya kamata ku sani kafin ku biya ko sisi

A Amurka, wanda ya riga ya yi digiri a wani fanni, ko tattalin arziki ne ko Turanci ko aikin gona, yana iya komawa jami'a ya fito da digirin aikin jinya cikin wata 12 zuwa 18, maimakon shekara huɗun da aka saba. Shirin da ake kira ABSN ke nan. Mutanenmu da ke zaune can suna yawan zancensa, musamman waɗanda suka je da digirin gida suka ga bai buɗe musu ƙofar aiki ba. Dalilin sha'awar a fili yake: a ƙididdigar ma'aikatar ƙwadago ta Amurka, matsakaicin albashin nas mai lasisi ya kai dala 93,600 a shekarar 2024. Sai dai akwai abin dubawa kafin a sa ƙafa.

Me aka rage?

Ba a rage karatun jinyar ba. An yafe wa ɗalibi darussan gama-gari da ya yi a digirinsa na farko, aka kuma cire dogon hutu. Sa'o'in horo a asibiti kuwa suna nan yadda suke ga ɗaliban shekara huɗu. A mako guda ɗalibi zai yi kwana biyu ko uku a aji, ya shiga ɗakin gwaji inda ake koyon allura da sa robar fitsari a jikin mutum-mutumi, sannan ya tashi da asuba ya kama aiki a ɗakin majinyata, wani lokaci na sa'a 12 a tsaye. Shi ya sa makarantu da yawa ke faɗa tun farko cewa kada ɗalibi ya haɗa karatun da wani aiki. A wasu makarantun, wanda ya faɗi darasi biyu an sallame shi, kuɗinsa kuma sun tafi.

Kafin a ɗauke ku

Yawancin makarantu suna neman makin digiri na 3.0 cikin 4.0 ko sama da haka. Suna kuma so a fara cin wasu darussan share fage: ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, ilimin ƙwayoyin cuta, ilimin sinadarai da ƙididdiga. Wanda bai yi su ba yana iya yi a ƙananan kwalejojin unguwa da ke da sauƙin kuɗi, amma hakan na iya cin wata shida zuwa shekara. Wasu makarantun ba sa karɓar darasin kimiyyar da ya daɗe, wasu kuma suna ƙara jarrabawar shiga irin su TEAS.

Mai digirin Najeriya ko Nijar sai ya kai takardunsa wurin masu tantancewa irin su WES, su auna su da ma'aunin Amurka. Mai HND ya tambayi makarantar a rubuce ko za ta ɗauke ta a matsayin digiri, kafin ya biya kuɗin fom. Wanda kuwa ya riga ya zama nas a gida, wannan shiri ba nasa ba ne; hanyarsa ita ce a tantance karatunsa na jinya, ya zauna jarrabawar lasisi.

Yadda ake gane makarantar ƙwarai

Digiri kaɗai ba ya ba mutum damar taɓa majinyaci. Sai ya ci jarrabawar NCLEX, hukumar aikin jinya ta jiha ta ba shi lasisi. Don haka abu na farko shi ne a shiga shafin hukumar jihar da makarantar take, a ga sunanta cikin waɗanda aka amince da su. Na biyu, a duba ko tana da shaidar inganci daga CCNE ko ACEN, manyan hukumomin da ke tantance makarantun jinya. In babu wannan shaida, asibitoci da yawa ba za su ɗauki mutum aiki ba, ƙaro karatu ma zai yi wuya.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A watan Janairun 2023 hukumomin Amurka suka bankaɗo wasu makarantu uku a kudancin jihar Florida da aka sayar da takardun shaidar jinya na bogi sama da 7,600 da sunansu, kowace a kan kusan dala 15,000. Mutane da dama sun rasa lasisinsu, cikin waɗanda abin ya shafa har da 'yan asalin Najeriya. Duk wanda ya ce zai samo muku takarda ba tare da horon asibiti ba, ku guje shi.

Bayan haka sai a yi wa makarantar tambaya uku. Kashi nawa na ɗalibanku ke cin NCLEX a zaman farko? Hukumomin jihohi suna wallafa wannan, ana iya gwada amsar da aka bayar. Cikin waɗanda suka fara, nawa suka kammala? Wannan ta fi muhimmanci, domin makaranta na iya tankaɗe rabin aji ta yi alfahari da sakamakon sauran. Sannan wa ke nemo asibitin horo, ku ko ni? Shirye-shiryen da ake tallatawa a matsayin na intanet ma dole a je asibiti da ƙafa, kuma asibitin na iya kasancewa tafiyar sa'a biyu a mota.

Lissafin kuɗi

Kuɗin makaranta ya bambanta ƙwarai: a wasu jami'o'in gwamnatin jiha ɗan jihar na iya gamawa da ƙasa da dala 30,000, wasu masu zaman kansu kuma sun haura 80,000. Lasisin da za a samu iri ɗaya ne. A kan wannan a ɗora inshorar lafiya, rigakafi, binciken tarihin laifi, kayan aiki, littattafai, man mota, da dala 200 ta rajistar NCLEX. Amma kuɗin da aka fi mantawa da shi shi ne albashin da za a bari: haya da abinci na fiye da shekara ba tare da shigar komai ba, ga 'yan uwa a gida da suka saba ganin saƙo duk wata.

Tallafin gwamnatin tarayya da ba a biya, wato Pell Grant, ba a bai wa mai digiri. Abin da ya rage shi ne rance, ta hanyar cike fom ɗin FAFSA, shi ma da iyaka: ɗalibi mai cin gashin kansa ba ya wuce dala 12,500 a shekara. A ce kuɗin makaranta 50,000 ne, karatun kuma ya ratsa shekarar karatu biyu. Rancen gwamnati zai ba da 25,000, saura 25,000 a wuyan ɗalibi, ba a ma taɓo haya ba. Da rancen banki mutane ke cike giɓin, kuɗin ruwansa kuma yakan fi yawa. Wanda ke ƙyamar riba ya sani cewa rancen gwamnatin ma da ruwa a kansa, wani kason tun ranar da aka fitar da kuɗin yake fara hawa.

Akwai hanyoyin da ake biya da aiki. Shirin Nurse Corps na gwamnatin tarayya yana biyan kuɗin makaranta da alawus na wata-wata, bisa sharaɗin a yi aƙalla shekara biyu a wurin da ke ƙarancin ma'aikata. Gasar shiga tana da zafi. Reshensa na biyan bashi yana sauke kashi 60 cikin ɗari bayan aikin shekara biyu, da ƙarin 25 a ta uku. Wasu asibitoci kan ɗauki nauyin ɗalibi in ya sa hannu zai yi musu aiki. A karanta yarjejeniyar da kyau, domin wanda ya bar aikin kafin wa'adi sai ya mayar da kuɗin.

Tallafi da rancen gwamnatin tarayya na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin da makamantansu. Mai bizar ɗalibi ba ya ciki. Sai ya nuna shaidar kuɗin shekara guda kafin a ba shi biza, aikin da aka yarje masa bai wuce sa'a 20 a mako a cikin makaranta ba, bayan ya gama kuma izinin aikinsa na wata 12 ne kawai, sai in wani asibiti ya tsaya masa.

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. In lissafi ya ƙi fita, akwai karatun jinya na shekara biyu a kwalejin unguwa, mai araha, wanda shi ma ke kai mutum ga NCLEX, a ƙarasa digirin daga baya ana aiki. Ku tabbatar da makarantar tukuna, ku rubuta kuɗin karatu da na zama a takarda ɗaya, ku san inda kowace dala za ta fito, sannan ku sa hannu.