Sinadarin Girma da Yadda Jiki ke Sarrafa Sukari da Kitse

Sinadarin girma yana fitowa ne daga wata 'yar gaɓa mai suna fituwitari da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ba ta wuce ƙwayar wake girma ba. Sunansa kan sa a zaci aikinsa ya ƙare da zarar yaro ya daina tsawo, alhali har tsufa da hannunsa a rabon makamashin jiki.

Jefi-jefi yake shiga jini. Ya fi yawa idan barci ya yi nauyi a farkon dare, haka kuma lokacin yunwa ko aikin ƙarfi. Da an sha zaƙi sai ya ja baya.

Idan ciki ya daɗe babu abinci, kamar na mai azumi bayan la'asar, sinadarin kan sa kitsen da jiki ya tara ya narke ya shiga jini, musamman na tumbi. Tsoka sai ta koma ƙona wannan mai, ta rage jan sukari, hanta kuma ta ƙara sako nata. Hikimar a fili take: ƙwaƙwalwa ta fi dogara da sukari, don haka ake yi mata tanadinsa, naman jiki ma ya tsira daga zaizayewa.

A nan ne sinadarin yake karo da insulin, wanda aikinsa shigar da sukari cikin tsoka da adana kitse. Bernardo Houssay, masani ɗan Ajantina, ya nuna cewa karnukan da ke da ciwon sukari kan sami sauƙi idan an cire musu fituwitari, binciken da ya kai shi ga lambar Nobel a 1947. Wannan jayayyar na daga cikin dalilan da ke sa mai ciwon sukari ya kwana bai ci komai ba, amma ya auna da asuba ya tarar sukarinsa ya hau.

Idan ƙari a fituwitari ya sa sinadarin ya yi yawa, hannuwa da ƙafafu da muƙamuƙi sukan yi girma, zobe ya matse yatsa, sau da yawa ciwon sukari ya biyo baya. Likitoci kan shayar da majiyyaci sukarin gulukos giram 75, in sinadarin ya ƙi sauka sun gano cutar. Ƙarancinsa kuwa tumbi yake tara wa babba, jariri kuma sukarinsa ya riƙa faɗuwa.