Subul-da-Baka a Zaɓen Amurka: Kowace Jam'iyya da Kunnen da Take Ji da Shi

A daren 17 ga Mayu, 2012, wasu attajirai suka hallara a wani katafaren gida a garin Boca Raton na jihar Florida, domin cin abinci tare da Mitt Romney, tsohon gwamnan Massachusetts, wanda jam'iyyar Republican ke shirin tsayarwa ya kara da Shugaba Barack Obama. Kowace kujera dala 50,000 aka saye ta. Romney ya ga kamar daga shi sai 'yan gida, don haka ya saki jiki, ya saki baki. Bai san cewa wani ma'aikaci mai raba abin sha ya ajiye 'yar ƙaramar kyamara a kan kanta ba, tana ta naɗar komai.

Abin da ya faɗa a daren shi ne, akwai kashi 47 cikin 100 na jama'a da za su zaɓi Obama ko ana ha-maza-ha-mata. Ya ce mutane ne da suka dogara ga gwamnati, suna ganin an zalunce su, suna ganin haƙƙinsu ne a ba su magani da abinci da muhalli, kuma ba sa biyan harajin kuɗin shiga. Ya rufe da cewa damuwa da irin waɗannan ba aikinsa ba ne. Wata huɗu bidiyon ya yi a ɓoye, sai ranar 17 ga Satumba mujallar Mother Jones ta sake shi, saura mako bakwai a kaɗa ƙuri'a.

Kafin gari ya waye Amurka ta ɗauka. A ɓangaren 'yan Democrat, abin nema ya samu. Sun daɗe suna cewa Romney attajiri ne da bai san zafin talaka ba, yau ga shi ya faɗa da bakinsa. Suka yanko muryarsa suka ɗora a kan hotunan tsofaffin sojoji da ma'aikata da dattawa, suka watsa a talabijin. 'Yan Republican kuwa sai suka kasu. Wasu marubutansu, irin su William Kristol da Peggy Noonan, sun fito fili sun caccaki ɗan takarar nasu. Scott Brown da Linda McMahon, waɗanda ke neman kujerun majalisar dattawa a jihohin da 'yan Democrat ke da ƙarfi, suka yi maza suka nesanta kansu da maganar. Amma a gidajen rediyon masu ra'ayin riƙau, yawanci cewa aka yi ai gaskiya ya faɗa, ya ma ƙara ƙaimi.

Ita kanta ƙididdigar ba ƙarya ba ce, domin a lokacin kusan rabin gidajen Amurka ba sa biyan harajin kuɗin shiga na tarayya. Inda gizo ke saƙa shi ne su wane ne mutanen. Da yawansu ma'aikata ne masu ƙaramin albashi da ake cire wa wani harajin daban tun kafin kuɗin ya shigo hannunsu, wasu kuma tsofaffi ne da suka yi ritaya, kuma tsofaffi na cikin waɗanda suka fi zaɓen 'yan Republican. Ke nan Romney ya zagi wani ɓangare na masoyansa bai sani ba. Da farko ya ce salon maganar ne kawai bai yi kyau ba. Sai a farkon Oktoba ya fito a tashar Fox News ya amsa cewa kuskure ne tsantsa.

Abin dariyar shi ne, wata biyu kafin fitar bidiyon, 'yan Democrat ne ke kukan a yi adalci. Ranar 13 ga Yuli, Obama yana jawabi a Roanoke ta jihar Virginia, yana bayanin cewa duk wanda ya yi arziki akwai hannun wasu a ciki: malamin da ya koyar da shi, da hanyoyi da gadojin da aka gina da kuɗin jama'a. Sai ya ce, idan kana da kasuwanci, ba kai ka gina wannan ba. Wane “wannan” ɗin? Magoya bayansa suka ce hanyoyi da gadojin yake nufi, kuma duk wanda ya saurari jawabin daga farko zai ga haka. 'Yan adawa suka ce a'a, kasuwancin yake nufi, yana gaya wa mai shago da mai masana'anta cewa guminsu ba shi ya kai su ba. Suka datse jimlar, suka jefar da abin da ke gabanta da na bayanta, suka buga ta a riguna da alluna. Da babban taron jam'iyyar Republican ya zo a birnin Tampa a ƙarshen Agusta, yini guda sukutum aka keɓe, takensa: mu muka gina.

A nan mai kallo zai ga wasan a fili. A watan Yuli 'yan Democrat na cewa a duba maganar daga tushe, 'yan Republican na cewa bakinsa ya tona abin da ke zuciyarsa. A watan Satumba sai aka yi musayar riguna, kowa ya ɗauki hujjar da ya ƙi karɓa jiya. Laifi tudu ne.

Kuma kowane ɓangare yana da tsohon tabo a wannan sana'a ta datse magana. A watan Janairun 2012, a jihar New Hampshire, Romney ya ce yana son a ce yana da ikon korar waɗanda ke yi masa aiki. Kamfanonin inshorar lafiya yake nufi, wato mutum ya iya rabuwa da kamfanin da bai gamsar da shi ba. Amma da yake ya yi arzikinsa ne a kamfanin Bain Capital, wanda ake zargi da sayen masana'antu yana sallamar ma'aikata, sai maganar ta zauna masa daram. Ba 'yan Democrat kaɗai suka yi masa tsiya ba, har abokin takararsa a cikin jam'iyya, Gwamna Rick Perry na Texas, wanda ofishin kamfen ɗinsa ya mayar da jimlar sautin kiran waya. Shi ma Romney ba kanwar lasa ba ne. Tallarsa ta farko a talabijin, a Nuwamban 2011, ta nuna Obama yana cewa idan muka ci gaba da maganar tattalin arziki za mu faɗi zaɓe. Muryar ta Obama ce, babu shakka, amma tun 2008 ya yi maganar, kuma yana maimaita abin da wani na hannun daman abokin karawarsa na lokacin, John McCain, ya faɗa ne, yana yi musu ba'a.

Wani tsohon ɗan jaridar Amurka, Michael Kinsley, ya taɓa bayyana katoɓarar ɗan siyasa da cewa ita ce lokacin da ya faɗi gaskiyar da bai kamata ya faɗa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai bai cika ba. 'Yan takara suna tuntuɓen harshe kullum, galibi ba wanda ke tunawa bayan kwana biyu. A 2008 Obama, cikin gajiya, ya ce ya zagaya jihohi 57, alhali 50 ne a ƙasar. An yi dariya an wuce, don ko maƙiyinsa bai yarda cewa jahili ne ba. Wadda ke manne wa mutum ita ce wadda ta dace da hoton da abokan hamayya suka riga suka zana masa. An zana Romney a matsayin mai kuɗi marar tausayi, an zana Obama a matsayin mai son gwamnati ta tsoma baki a komai. Duk maganar da ta faɗa cikin wannan zane, ta samu wurin zama.

Da a ce abin ya tsaya ga santsin baki, da da sauƙi. Amma manufofi ma haka ake yi musu, kuma babu misalin da ya kai dokar inshorar lafiya.

A watan Afrilun 2006, Romney yana gwamna ya sa hannu a wata doka da ta wajabta wa mazauna Massachusetts mallakar inshorar lafiya, wanda ya ƙi ya biya tara. Sanata Ted Kennedy, jigon 'yan Democrat, yana tsaye a wurin bikin. Tunanin tilasta sayen inshora ma ba daga masu ra'ayin sauyi ya fito ba, cibiyar Heritage Foundation ta masu ra'ayin riƙau ta tallata shi tun 1989. Shi kuwa Obama, lokacin da yake fafatawa da Hillary Clinton a zaɓen fid da gwani na 2008, sukar tilastawar ya riƙa yi. Da ya hau mulki sai ya rungume ta, ta zama ginshiƙin dokar da ya sa wa hannu a watan Maris na 2010, wadda ko ɗan Republican ɗaya bai jefa mata ƙuri'a ba a zagayen ƙarshe. Zuwa 2012 an wayi gari mutumin da ya fara aiwatar da tsarin yana alƙawarin soke shi, wanda ya taɓa sukarsa kuma yana kare shi, magoya bayan kowanne suna biye da shi ba tare da sun ji wani banbaraƙwai ba. Romney yakan ce abin da ya dace da jiha ɗaya bai zama dole ya dace da ƙasa baki ɗaya ba, kuma hujja ce da za a iya saurara. Amma a watan Agusta, da mai magana da yawunsa Andrea Saul ta yabi dokar Massachusetts a talabijin don ta kare shi daga wani zargi, masu ra'ayin riƙau ne suka yi mata ca, har marubuciya Ann Coulter ta nemi a kore ta. Babban aikin da ɗan takararsu ya yi yana gwamna ya zama abin da ba a so a ambata.

'Yan Democrat ma suna da nasu kashin a gindi. Zamanin George W. Bush sun cika duniya da kuka a kan kurkukun Guantanamo da yadda ake yaƙi da ta'addanci. Obama ya yi alƙawarin rufe kurkukun, bai rufe ba, hare-haren jirage marasa matuƙa a Pakistan da Yemen kuma suka ƙaru a hannunsa. Wata ƙuri'ar jin ra'ayi da jaridar Washington Post da tashar ABC suka yi a farkon 2012 ta nuna cewa fiye da rabin 'yan Democrat masu ra'ayin sauyi sun yarda a bar kurkukun a buɗe. So hana ganin laifi.

Hatta alƙaluma ba su tsira ba. Bayan muhawarar farko a Denver ranar 3 ga Oktoba, wadda kusan kowa ya yarda Romney ya yi wa Obama fintinkau a gaban masu kallo kimanin miliyan 67, tsohon mataimakin shugaban ƙasa Al Gore ya ce wataƙila tudun birnin ne ya shafi shugaban, don iskar can ba ta da kauri kuma bai daɗe da sauka ba. Kwana biyu bayan haka gwamnati ta sanar da cewa rashin aikin yi ya sauka zuwa kashi 7.8, sai Jack Welch, tsohon shugaban kamfanin General Electric, ya rubuta a Twitter cewa mutanen Obama sun murɗe lissafin. Bai kawo hujja ba.

To, duk wannan ƙura, ƙuri'a nawa ta sauya? Wasu malaman kimiyyar siyasa biyu, John Sides da Lynn Vavreck, sun bi diddigin ra'ayin masu zaɓe mako-mako, suka fitar da littafi mai suna The Gamble a 2013. Abin da suka gano bai yi wa masu sharhin talabijin daɗi ba: yawancin katoɓarar da aka yi ta kururutawa ba ta motsa komai ba. Ko bidiyon kashi 47, abin da ya yi shi ne ya sanyaya gwiwar wasu magoya bayan Romney na ɗan lokaci, muhawarar Denver kuma ta dawo da su gida. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Waɗanda ke bin labarin siyasa sa'a-sa'a, har su san wa ya ce me, su ne waɗanda suka riga suka yanke shawara tuntuni. Wanda bai yanke ba kuwa, sau da yawa bai ma ji labarin ba.

Inda baki ke yanka wuya da gaske shi ne a zaɓen fid da gwani, domin a can duk 'yan gida ɗaya ne, ba tutar jam'iyya da mutum zai fake a bayanta. Ranar 9 ga Nuwamba, 2011, a wata muhawara a jihar Michigan, Rick Perry ya ce zai rushe ma'aikatun tarayya uku. Ya ambaci ta kasuwanci, ya ambaci ta ilimi, ta ukun ta ɓace masa. Ya yi ta lalube kusan minti guda a gaban duniya, ya haƙura. Da ma farin jininsa ya fara dusashewa, wannan ta ƙarasa shi, ya janye a watan Janairu. Ma'aikatar da ya manta ita ce ta makamashi, kuma ita Donald Trump ya ba shi ya shugabanta a 2017.

Ranar 6 ga Nuwamba, 2012, Obama ya lashe zaɓe da ƙuri'un wakilai 332, Romney na da 206. A daren, da tashar Fox News ta ba Obama jihar Ohio, Karl Rove, tsohon mashawarcin Bush, ya ƙi yarda a gaban kyamara, sai da mai gabatar da shirin, Megyn Kelly, ta taka har ofishin masu lissafin tashar suka tabbatar mata. Da aka kammala ƙidayar ƙuri'un jama'a, Obama ya samu kashi 51, Romney kuma ya tashi da kashi 47.