Rayuwar 'Ya'yan Tsutsotsi Kafin Su Fito Duniya

Tsutsotsin nan masu jiki kamar igiya da ke zaune a jikin ɗan Adam sun kasu gida biyu wajen haihuwa. Waɗansu ƙwai suke nasawa, waɗansu kuwa 'ya'ya suke haifa da rai. Wannan bambanci shi ke tsara hanyar da kowace cuta take bi ta yaɗu.

Macijin ciki yana cikin kashi na farko. Macen takan nasa ƙwai wajen 200,000 a rana guda, amma ko ɗaya ba ya ɗauke da tsutsa sa'ad da ya fito tare da bayan gida. Abin da ke cikinsa ƙwayar halitta ce guda tak. Sai ya sami ƙasa mai laima da ɗumi da iska sa'an nan ƙwayar ta rabu biyu, biyun su zama huɗu, har cikin mako biyu zuwa uku a ga ɗan tayi ya naɗe a cikin ɓawo. A nan ciki yake yin saɓa, kamar yadda maciji yake yi, kafin ya iya cutar da wanda ya haɗiye shi. Wato ƙasar bayan ɗaki ita ce mahaifarsa, kuma ƙwan yana iya shekaru a cikinta bai mutu ba.

A ƙwan irin wannan tsutsa, amma ta cikin doki, wani masani Bajamushe, Theodor Boveri, ya ga abin mamaki a shekarar 1887. Ƙwayoyin da za su zama jikin tayin sukan zubar da wani sashe na zaren gadonsu, waɗanda za su zama iri ne kaɗai ke riƙe nasu cikakke.

Kurkunu kuwa ba ta ba ƙasa amanar 'ya'yanta. Wajen shekara guda take goyon ciki a jikin mutum, mahaifarta ta cika kusan dukan jikinta, sai ƙafa ta taɓa ruwa ta zuba su da rai. Domin haka ne tace ruwa da hana majiyyaci shiga tafki suka karya lagonta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da ita a Nijeriya da Nijar a 2013.

Tsutsar tundurmi ma haihuwa take yi, sai dai tayinta ba ya girma sai da taimakon waɗansu ƙwayoyin bakteriya, Wolbachia, da ke zaune a jikin uwar. In an kashe su da maganin doxycycline na 'yan makonni, sai uwar ta koma juya.