Ba Asiri Ba Ne, Dawar Kada Ce Ta Shiga Gonarka

Duk kaka sai na ji zancen nan, har na gaji. Manomi ya tarar da wasu karare dogaye sirara a cikin dawarsa, zangarniya a warwatse, tsabar ƙanana, da an taɓa ta zube. Sai ya ce maƙwabci ya yi masa asiri, ko kuwa an saka wani abu a ingantaccen iri don a kashe mana noma. Haba jama'a!

Kowace shuka tana da kuromosom, wato ƙunshin gado da ke cikin ƙwayar halittarta. Dawa na da 20. Danginta duka sun kai jinsi 25, kuma 17 daga ciki a Ostireliya suke. Akwai masu kuromosom 10, da 20, da 30, har 40. Yawan kaɗai ba ya nuna kusanci. Masara ma 20 gare ta, amma ta rabu da dawa kimanin shekaru miliyan 12 da suka wuce, ba sa barbara.

Wadda ta dame mu tana nan bakin fadama: dawar kada, wasu su ce dawar rafi. Ita ma 20 ne, kuma ita ce uwa. Daga jikinta mutanen gabashin Sudan, wajen Kasala, suka fitar da dawar gida shekaru kusan 5,000 baya. Uwa da 'ya kuwa jininsu ɗaya. Iska ta kwaso bununin ta daji ta zuba kan taka, ka ajiye wannan zangarniyar a matsayin iri, baɗi ruwa-biyu ya fito. Ina bokan yake a nan? Ina laifin masu binciken ingantaccen iri na Samaru? Masu gero sun san irin wannan, shibra suke ce mata.

Wani lokaci kuma iri ne ya gauraya tun a kasuwa.

To, ka zagaya gonarka kafin dawa ta yi bununi. Duk karan da ya zarce 'yan'uwansa ka tumɓuke shi da saiwa, kada ka sare, zai sake tohowa. Ka nome ta dajin da ke kan iyaka da bakin rafi. Iri kuma a tsakiyar gona ake zaɓensa, tun yana tsaye, ba a gefe ba, ba kuma a masussuka ba. Kada ka bar tsabar ta zube, domin takan kwanta a ƙasa ta fito bayan shekaru. Ka kuma gaya wa maƙwabcin nan da kake zargi ya cire tasa, iska ba ta san iyakar gona ba.