Babi na Bakwai: Ciwon Ƙafar Sarki Asa da Maganar Likitoci

Duk wanda ya ƙudurta nuna cewa Littafi Mai Tsarki ba ya shiri da likita, wuri ɗaya yake garzayawa: Littafin Tarihi na biyu, sura 16. A can aka ba da labarin Asa, sarkin Yahuza, wanda ciwon ƙafa ya kama a shekara ta 39 ta sarautarsa, ciwon ya tsananta, ya nemi likitoci bai nemi Ubangiji ba, ya kuma rasu a shekara ta 41. Shi ke nan, sai a rufe littafi a ce an samu hujja, wai zuwa asibiti raunin imani ne. Abin takaici, har yau akwai gidajen da ake barin mara lafiya kwance ana jiran mu'ujiza saboda irin wannan karatu na tsintar aya. Da mai wannan da'awa ya daure ya karanta surar tun daga farkonta, da bai yi wannan ɓaranɓarama ba.

Ga abin da ya gabaci ciwon. Ba'asha, sarkin Isra'ila, ya taso wa Yahuza, ya kama gina Rama don ya toshe hanyar shiga da fita. Asa ya tsorata, ya kwashi azurfa da zinariya daga taskar Haikali da ta fada, ya aika wa Ben-hadad, sarkin Suriya da ke Dimashƙu, don ya kai wa Ba'asha hari ta baya. Dabarar ta ci. Amma wani maigani mai suna Hanani ya zo ya tsawata masa a kan ya jingina da sarkin Suriya ya mance da Allahn da ya ba shi nasara a baya. Asa ya fusata ya jefa shi kurkuku, ya kuma shiga gallaza wa waɗansu talakawansa. Bayan duk wannan ne marubucin ya kawo zancen ƙafa. Wato hoton mutum guda ake zanawa tun daga sama: sarkin da ya tsufa da girman kai, wanda in matsala ta taso yake ƙwanƙwasa kowace ƙofa ban da ta Ubangijinsa. Likitocin sun shigo labarin ne a gurbin da Ben-hadad ya tsaya. Laifin na majinyacin ne, babu kalma ko ɗaya ta zargi a kan masu magani. Ƙari a kan haka, Littafin Sarakuna na farko, wanda ya girmi na Tarihi, ya ambaci ciwon ƙafar nan a tsufan Asa bai ko ɗauko zancen likita ba.

A kwatanta da Sarki Ahaziya, wanda ya faɗo daga benensa a Samariya ya aika a tambayo masa Ba'alzabub, gunkin Ekron, ko zai tashi. Wannan ne ya sa Annabi Iliya ya tare wa manzanninsa hanya. Abin da littafin ke ƙyama ke nan, tsafi da neman sa'a wurin gumaka, kuma a duniyar wancan zamani, daga Masar har Babila, sau da yawa magani da tsubbu a jaka ɗaya suke tafiya.

Shi kuwa magani tsantsa, ko'ina aka buɗe ana cin karo da shi. Dokar da ke Fitowa sura 21 ta ce in mutum ya ji wa wani rauni a faɗa har ya kwanta, zai biya shi lokacin da ya rasa, ya kuma ɗauki nauyin jinyarsa har ya warke. Shari'a ba ta ɗora wa mutum biyan abin da take ganin haramun ne. Irmiya ya ambaci ƙaron magani na Gileyad da likitocinta, Ezekiyel ya san ɗori da ɗaure karaya. Wanda ya fi burge ni shi ne Sarki Hezekiya. Sarkin na kwance da maruru, an ce masa ya yi wasiyya. Ya juya fuska ga bango ya yi kuka da addu'a, aka ƙara masa shekara 15. To, me Annabi Ishaya ya yi bayan ya isar da albishir? Cewa ya yi a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun. Annabin da ya kawo alkawarin Allah shi ne da bakinsa ya ba da umarnin magani. Maganar kuturta a Littafin Firistoci kuwa wani fage ne daban: firist yana duba fata, ya killace mutum kwana 7, ya sake dubawa, amma ba ya ba da ko saiwa, don aikinsa hukunta tsarki ne.

Mai musu zai ce ai a Fitowa sura 15 Allah ya kira kansa mai warkarwa, Ayuba kuma ya kira abokansa likitocin banza, sannan Markus ya ba da labarin matar da ta shekara 12 tana zubar jini, ta sha wuya a hannun likitoci da yawa, dukiyarta ta ƙare, ciwon sai gaba yake yi. Gaskiya ne, littattafan nan ba sa kambama likita, kuma na yarda akwai ɗari-ɗari da shi a tsakanin Yahudawan dā. Sai dai wanda ya zagi likitan banza ya san akwai na kirki. Labarin matar kuma shaida ne na iyakar ilmin zamanin da yadda jinya ke talauta mutum, babu inda aka ce ta yi zunubi da ta nemi magani. Batun cewa waraka ta Allah ce, Ben Sira ya warware shi a Urushalima wajen shekara ta 180 kafin haihuwar Almasihu. A sura ta 38 ta littafinsa, wanda Katolika da Otodoks ke lissafawa cikin Littafi Mai Tsarki, ya koyar cewa Allah ne ya halicci likita, shi ya tsirar da magunguna daga ƙasa, mai hankali ba ya raina su. Mara lafiya ya yi addu'a, ya tuba, sannan ya ba likita wuri.

Sabon Alkawari bai sauya wannan ba. Basamariyen nan na cikin misalin Yesu ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan wanda 'yan fashi suka doka, ya ɗaure, ya bar dinari 2 na jinya a masauki. Yesu ya kwatanta aikinsa da na likita a wurin marasa lafiya. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti ta ba shi shawarar abin da zai sha don ciwon ciki da yawan laulayinsa. A wasiƙar Kolosiyawa kuma, cikin abokan aikin Bulus da ke aika gaisuwa, akwai Luka, an ambace shi da sana'arsa ta likita tare da kalmar ƙauna. Duk wanda ya hana majinyaci zuwa asibiti da sunan Asa, to ra'ayin kansa yake bi, kada ya jingina wa littafin.